Daga bakin daji zuwa bakin tasha: mishan a zamanin manyan birane

Duk direban kamiyon da ya taɓa ɗauko albasar Galmi ko shanun Dakwaro ya nufi Ikko, ya san wani wuri a kan babbar hanyar da ta taso daga Badun, kilomita arba'in da ƴan kai kafin a shiga gari. In tafiya ta faɗo masa a daren Juma'ar farkon wata, to sai ya ƙara haƙuri a kan wanda ya taso da shi, domin motoci kan yi cincirindo, gudron ya toshe, wani lokaci har gari ya waye. Wurin shi ne sansanin majami'ar Redeemed. A farkon shekarun 1980, sa'ad da majami'ar ta sayi filin, kurmi ne da macizai. Yau gari ne sosai, da dubban gidaje, da bankuna, da makarantu, da asibiti, da injin wutar lantarki na kansa, da rumfar taron da masu ita ke cewa tsawonta kilomita 3 ne, faɗinta ma haka. Ba ita kaɗai ba ce a kan wannan hanya: Deeper Life na da nata filin, Mountain of Fire na da nata, sa'an nan ƙungiyar Musulmi ta NASFAT ma ta kafa wurin addu'arta a nan kusa.

Abin da direban ke gani ta gilashin motarsa yanki ne na wani babban al'amari da ya game duniya. Mutane suna ta barin ƙauye suna kwarara birni, kuma ƙungiyoyin yaɗa addinin Kirista, waɗanda aka sani a da da bin lungunan daji, sun juya akalarsu sun bi mutanen.

Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna girman abin. A 1950, kashi 30 bisa ɗari ne na mutanen duniya ke zaune a birane, wato wajen miliyan 750. A 2007 ƴan birni suka kamo ƴan ƙauye a yawa, karo na farko tun da aka fara tarihi. A 2018 sun kai kashi 55, mutum miliyar 4 da miliyan 200, kuma hasashen wannan shekarar ya ce za su kai kashi 68 a 2050. Ƙarin da ake jira, mutum miliyar 2 da rabi, kusan kashi 90 bisa ɗarinsa a Asiya da Afirka zai sauka, kuma ƙasashe uku kaɗai, Indiya da Sin da Nijeriya, za su ɗauki fiye da sulusinsa. Biranen da suka haura mutum miliyan 10 guda biyu ne a 1950, New York da Tokiyo; a 1990 sun zama 10, a 2018 sun zama 33. Ikko tana da wajen mutum dubu 300 a 1950. Kinshasa tana da wajen dubu 400 a shekarar da Kwango ta samu mulkin kai, yau ta wuce miliyan 15. Fiye da mutum miliyar ɗaya kuwa suna kwana a unguwannin da babu fanfo, babu magudanar ruwa, babu takardar fili.

A daidai wannan lokaci addinin Kirista shi ma ya yi ƙaura. A 1900, wajen kashi 80 bisa ɗari na Kiristocin duniya suna Turai da Amurka ta Arewa, na Afirka duka ba su wuce miliyan 10 ba. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2025 ya nuna cewa a 2020 Afirka kudu da Sahara ta riga ta zarce Turai: kusan kashi 31 na Kiristocin duniya suna can, Turai kuwa kashi 22. Ke nan inda birane suka fi saurin girma, nan ne majami'u suka fi saurin cika.

Addinin da aka haifa a birni

Wanda ya san mishan ta hanyar asibitin ƙauye da makarantar bakin daji zai ɗauka cewa can ne asalinta. Ba haka ba ne. Manzo Bulus, wanda ya fi kowa yawon wa'azi a ƙarni na farko, manyan kasuwanni da tashoshin jiragen ruwa ya bi: Antakiya, Afisa, Koranti, Tasalonika, har Rum. Ƙauyuka sun daɗe a kan tsafinsu bayan birane sun karɓa, shi ya sa kalmar da Faransawa ke kiran mai bautar gumaka da ita, « païen », ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin baƙauye. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Musulunci ma ta hannun fatake da malaman Wangarawa ya shigo Kano da Katsina, ya zauna a fada da kasuwa, Azna da Maguzawa suka ci gaba da al'adunsu a karkara ɗaruruwan shekaru.

Abin da ake kira mishan ta birni a yau a Birtaniya ta fara, lokacin da masana'antu suka tara talakawa a unguwannin hayaƙi. David Nasmith ya kafa ta Glasgow a 1826, ta London a 1835. A 1844 aka kafa YMCA domin samarin da suka baro garuruwansu suka zo aikin kanti a London, ba uwa ba uba. A 1865 William Booth ya fara wa'azi a gabashin London tsakanin mashaya da marasa wurin kwana, abin da ya zama Rundunar Ceto, wadda ta shahara da fara ba mutum miya da sabulu kafin a yi masa maganar lahira. Ita ma ɗarikar Fentikos, wadda ta fi kowace bunƙasa a yau, a wani tsohon gini na titin Azusa a birnin Los Angeles ta yi ƙarfi a 1906, ƙarƙashin William Seymour, baƙar fata ɗan ƴantattun bayi, kuma waɗanda suka fara taruwa wurinsa leburori ne da masu wanki da baƙin da suka zo neman abinci.

Faransa ta yi nata gwajin. A 1943 wasu limaman Katolika biyu, Henri Godin da Yvan Daniel, suka fitar da wani ɗan littafi mai suna « La France, pays de mission ? », inda suka nuna cewa ma'aikatan masana'antun kewayen Paris sun yi wa majami'a nisa kamar mutanen da ba a taɓa kai wa saƙo ba. Maganar ta girgiza ƙasar da ke tura ƴan mishan Afirka da Asiya. Daga nan wasu limamai suka tuɓe doguwar riga suka shiga aikin ƙarfe da dako, suna karɓar albashi kamar kowa. Da suka fara shiga sandika da yajin aiki tare da ƴan kwaminis, sai Rum ta tsai da abin a 1954, ba a sake buɗe ƙofar ba sai a 1965.

To amma a Afirka ta Yamma, musamman ƙasar Hausa, hanya dabam aka bi. Turawan mulkin Ingila sun yi wa sarakunan Arewa alkawarin ba za su taɓa addininsu ba, saboda haka suka taƙaita shigar ƴan mishan cikin biranen sarauta. Likita Walter Miller ya samu ya zauna cikin birnin Zariya shekaru da dama, daga baya aka mai da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwa. Kiristocin kudu da jirgin ƙasa ya kawo Kano, a Sabon Gari aka ajiye su tun wajen 1913. Su kuwa Faransawa ba su saki jiki da ƴan SIM ba, domin masu jin Ingilishi ne. SIM ta sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru ta kafa a Tsibiri, amma ayyukan da suka yi mata suna a Nijar na karkara ne: asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, wurin jinyar kutare na Danja, gonar Maza Tsaye, da sassaben zamani da Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a jihar Maraɗi tun 1983, wanda ya mai da miliyoyin itatuwa cikin gonaki. Ɗan mishan na wancan zamani mutum ne mai akwatin magani da ƙamus, wanda ke auna nasararsa da nisan ƙauyen da ya kai.

Juyin ya zo ne daga baya. A babban taron Lozan na 1974, wanda Billy Graham ya kira, hankali ya fi karkata ga ƙabilun da saƙo bai kai gare su ba. A taro na biyu, a Manila a 1989, maganar birane ta fito fili, domin mutane irin su Ray Bakke na Shikago sun yi ta nanata cewa ƙabilun nan da ake nema a bayan duwatsu sun riga sun sauko, suna tura baro a kasuwannin manyan garuruwa. A 1990 Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya faɗi kusan haka a wasiƙarsa kan aikin mishan, inda ya ce kamata ya yi ƙarfin aikin ya koma manyan birane, domin can ne ake ƙera sababbin al'adu da suke bazuwa sauran ƙasa. A New York, fasto Tim Keller ya buɗe majami'arsa a 1989 cikin unguwar ma'aikatan banki da lauyoyi, daga baya ya kafa cibiyar horar da masu dasa majami'u a manyan biranen duniya.

Abin da baƙo ke nema

Masana da dama a Turai sun yi zaton birni zai kashe addini. Harvey Cox na jami'ar Harvard ya rubuta littafi a 1965 a kan birnin da ya rabu da addini; bayan shekara 30 ya sake rubuta wani a kan bunƙasar Fentikos, ya amsa cewa lissafin farko bai fita ba. A Paris da Amsterdam majami'u sun yi ta zama fanko, wannan gaskiya ne. A Seoul da Sawo Pawulo da Kinshasa da Ikko kuwa akasin haka aka gani.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa zuwa bida. Saurayin da ya sauka tasha da dare, da ƙullin tufafinsa, ya baro duk abin da ke riƙe da shi: gandu, dangi, mai gari, surukai, har da wanda zai tsawata masa. Yana bukatar wurin kwana, da wanda zai tsaya masa a ba shi aiki, da wanda zai ranta masa jikka biyar ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, da waɗanda za su ɗauki gawarsa in ta Allah ta kasance. Gwamnati ba ta ba da waɗannan. Majami'ar unguwa tana bayarwa, ko ta yi alkawari. Ana rubuta sunansa ranar farko, a sa shi cikin ƙungiyar mutum goma ko goma sha biyar da ke taruwa a ɗakin wani kowane mako, a kira shi ɗan'uwa. In bai zo ba a biyo sawu. Ana hana shi giya da caca da neman mata, kuma wannan kaɗai kan sa kuɗin cefane ya isa gida, shi ya sa a Amurka ta Kudu mata ne suka fi jawo mazajensu ciki.

Ƴan kasuwar ƙasar Hausa sun san irin wannan tsari tun kafin a haifi Fentikos. Zangon Kumasi, da Nima ta Ankara, da Sabo ta Badun, duk a kan mai masauki da masallaci da malami suka tsayu. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda Hausawan wurin suka rungumi Tijjaniyya cikin ɗan lokaci a shekarun 1950, ta zama igiyar da ta ɗaure amanar cinikin goro da shanu a garin da ba nasu ba. Baƙo a birni yakan fi riƙe addini fiye da yadda ya riƙe shi a gida, ko kuwa ya sake shi gaba ɗaya. Tsaka-tsakin ne ke da wuya.

Misalin da ya fi shahara na Koriya ta Kudu ne. A 1958, ƙasar tana cikin kangon yaƙi, David Yonggi Cho ya fara taro da mutane ƙalilan cikin tsohuwar tantin soja a wata unguwar matalauta ta Seoul. Birnin ya tashi daga mutum miliyan ɗaya da wani abu zuwa miliyan 10 a 1988, majami'ar Yoido ta tashi tare da shi, har ta ce mabiyanta sun kai wajen dubu 800. Sirrinta ƙananan ƙungiyoyin gida-gida ne, mafi yawansu a hannun mata, kuma daga can ne majami'un Afirka da yawa suka kwaikwayi dabarar. A Barazil, inda Katolika suka haura kashi 90 bisa ɗari a 1970, ƙidayar 2022 ta same su ƙasa da kashi 57, ƴan bishara kuwa sun tashi daga wajen kashi 5 zuwa kusan 27, kuma ƙarfinsu yana unguwannin gefen birni. Redeemed ta Nijeriya, wadda Josiah Akindayomi ya kafa a 1952, Enoch Adeboye, tsohon malamin lissafi a jami'a, ya gaje ta a 1981, ta rubuta burinta ƙarara: a biranen ƙasashe masu tasowa kada mutum ya yi tafiyar minti biyar a ƙasa bai iske reshenta ba, a ƙasashen da suka ci gaba kuwa minti biyar a mota. Dabarar mai buɗe kantuna ce, kuma da gangan aka yi ta haka.

Har ruwan ya fara komawa inda ya fito. Ɗaya daga cikin majami'un da suka fi cika a London, Matthew Ashimolowo ne ya kafa ta a 1992, haifaffen Zariya. A Faransa ƴan bishara masu zuwa majami'a sun tashi daga wajen dubu 50 a 1950 zuwa fiye da dubu 700, kuma a kewayen Paris da yawa daga cikin taron nasu a tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya ake yi, fastocin ƴan Kwango ne ko Kodibuwa ko Haiti.

Akwai kuma waɗanda suka bi wata hanya, ba lasifika ba talla. A 1971 wata ƴar zuhudu mai shekara 60 da ƴan kai, Sista Emmanuelle, ta tare cikin masu kwasar shara na Alƙahira, ta zauna a bukka irin tasu kusan shekara 20, ta kafa makarantu da ɗakunan shan magani, ba ta tambayi wane ne Musulmi wane ne Kibɗi ba. A wata unguwar masu sharar, a gindin dutsen Muƙaɗɗam, limamin Kibɗawa Sam'an ya fara aiki a shekarun 1970, har aka fafe dutsen aka yi majami'ar da ke ɗaukar dubban mutane. Irin waɗannan ba su cika shiga jarida ba, amma ko masu sukar mishan sukan sassauta murya in an ambace su.

Domin abin suka akwai shi, kuma Kiristoci ne kan gaba wajen faɗarsa. Wa'azin da ake kira bisharar arziki yana koya wa talaka cewa in ya ba da ushirin abin da ya samu, ya ƙara da « iri », Allah zai ninka masa. Wanda arzikinsa ke ninkuwa a idon kowa shi ne mai karɓa. Wasu manyan fastocin Ikko suna da jiragen sama na kansu, jami'o'in da aka gina da ushirin masu talla kuwa ƴaƴan masu tallar ba su iya biyan kuɗinsu. Shi kansa Cho, kotun Seoul ta same shi da laifin cin amanar dukiyar majami'a a 2014. Ga wanda ba shi da aiki, buɗe majami'a ya zama sana'ar da jarinta bai wuce hayar shago da ganga da lasifika ba. Ruwanda ta ga abin ya yi yawa, a 2018 ta rufe wuraren ibada fiye da 700 a Kigali kaɗai, kan rashin ingancin gini da damun maƙwabta, ta kuma shar'anta wa fastoci takardar shaidar karatun addini. Wasu sun yaba, wasu sun ce gwamnati ta samu hanyar toshe bakin da ba ta iya saye.

Yamai, Maraɗi, Damagaram

Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin ƴan birni a duniya, ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba, kuma Kiristocinta ba su kai kashi ɗaya bisa ɗari ba a ƙidayar 2012. Mai karatu zai iya cewa to ina ruwan Nijar da wannan zance. Ruwanta shi ne saurin da garuruwan ke yi. Yamai tana da wajen mutum dubu 30 a 1960, kusan dubu 400 a 1988, ta haura miliyan ɗaya a 2012. Maraɗi ta wuce dubu 260 a wannan ƙidayar. Farin 1973 da na 1984 sun turo dubban iyalai bakin gari. Unguwar Lazare ta Yamai sansanin waɗanda yunwa ta koro ce kafin ta zama unguwa. Faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, da watannin da ma'aikata suka yi ba albashi, suka ƙarasa abin da ya rage na dogaro da gwamnati.

Kiristocin biranen Nijar kashi biyu ne. Akwai ƴan ƙasa, Hausawan da iyayensu suka tashi a hannun SIM, waɗanda suka kafa majami'ar EERN a farkon shekarun 1960, da Gurmawan yamma, da wasu ƴan ƙalilan daga sauran ƙabilu. Akwai kuma baƙi daga Benin da Togo da Burkina da Nijeriya da Gana: makanikai, magina, teloli, malaman lakwal, masu sayar da kayan gyaran mota. Katolika, waɗanda suka kafa mishan a Yamai tun 1931, sun zaɓi hanyar makaranta da asibiti da taimakon gaggawa, ba tare da neman juya kowa ba, har manyan ma'aikata Musulmi da yawa sun yi karatu a hannunsu ko sun kai ƴaƴansu. An raba musu Maraɗi ta zama yankin bishop na kanta a 2001.

Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi, kuma ta wannan ƙofa ɗaya baƙi biyu suka fito fili. Na farko Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta samu gindin zama wurin matasan ƴan kasuwar Maraɗi da suka gaji da ɗawainiyar biki da suna da sadakar malamai. Na biyu sababbin majami'un Fentikos, mafi yawansu ta Nijeriya suka biyo. In aka cire aƙida aka dubi aiki, kamanninsu na da ban mamaki. Dukansu suna kiran mutum ya karanta littafi da kansa, ya yar da bori da laya, ya rage kashe kuɗi a al'ada, ya ɗauki ƴan'uwan aƙida sama da dangin jini. Dukansu sun san amfanin kaset da rediyo da lasifika. Kuma matasa iri ɗaya suke nema, a unguwanni iri ɗaya. A Ikko gasar ta kai ga NASFAT, wadda aka kafa a 1995, ta sa babban taronta na addu'a ranar Lahadi da safe, daidai lokacin da majami'u ke cika.

A ƙauye, tashar mishan tana can gefe, wanda ya so ya je. A birni katanga ɗaya ce ke raba majami'a da masallaci, kuma abin da wani ya faɗa a lasifika yana shiga ɗakin wanda bai gayyace shi ba. Kano ta ɗanɗana a Oktoban 1991, lokacin da aka shirya wa mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke gangami: tarzoma ta tashi kafin ya hau mumbari, rayuka da dukiya masu yawa suka salwanta. A Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta juye a Maraɗi, aka ƙona mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, aka far wa majami'ar Vie Abondante da harabar SIM. Ran 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, kashegari a Yamai, fushin zanen jaridar Charlie Hebdo ya sauka kan mutanen da ba su taɓa ganin jaridar ba: mutum 10 suka mutu, ƴan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta a Yamai kaɗai, ban da otal-otal da mashaya. An samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu a waɗannan kwanaki biyu, an kuma samu malaman da suka fito suka yi tir da abin. Amma waɗanda suka ɗauki fetur da ashana, akasarinsu samari ne marasa aiki, irin waɗanda birni ya tara bai san abin da zai yi da su ba, wato su ne dai waɗanda kowane mai wa'azi ke cewa domin su ya zo.

Hukuma ta yi ƙoƙarin sa hannu. A Yunin 2019 majalisar dokoki ta amince da dokar tsara harkar ibada, wadda ta shafi gina wuraren ibada da wa'azi da kuɗin da ke shigowa daga waje. Wasu malamai suka ce an yi ta ne don a takura wa Musulunci. Da aka kama wani limamin Maraɗi da ya soki daftarin dokar, cikin dare aka ƙona majami'ar Assemblée de Dieu ta unguwar Zariya, alhali kuwa Kiristoci ba su ne suka rubuta dokar ba, kuma ta hau kansu kamar yadda ta hau kan kowa.

Aikin da ya rage yana kan teburin ma'aikatan magajin gari da na ofishin safiyo, fiye da yadda yake kan mumbari. Su ne ke yanka filaye, su ne ke ware wurin lakwal da likita da kasuwa da wurin ibada a kowace sabuwar unguwa, su ne kuma ke sa hannu ranar da wurin da aka ware ya koma hannun mai kuɗi. Inda ba a ware ba, majami'a takan buɗe a gidan haya tsakiyar gidajen mutane, masallaci ya fito kan hanya, rigimar farko ta tashi a kan ƙarar lasifika da wurin ajiye babura. A gefen Yamai ta hanyar Filinge da ta Doso, da gefen Maraɗi ta hanyar Dan Isa, gonakin da aka yi girbin hatsi a cikinsu shekarun baya kaɗan an riga an kafa musu duwatsun iyaka, masu bulo sun fara zuba yashi.